Darasi na Tara: Zana Abu a Kwamfuta da Buga Shi da Roba

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana yadda na'urar buga abu ta 3D take aiki;
2. faɗin matakai uku da ake bi daga zane har zuwa abin da za a riƙe a hannu;
3. auna abin da ya karye, ya kuma fitar da girman madadinsa;
4. lissafa yawan sahu da kuɗin robar da aiki zai ci;
5. tantance abin da ya dace a buga da wanda bai dace ba.

1. Wace irin na'ura ce?

Firintar da muka saba gani a shagon kwamfuta tawada take zubawa a kan takarda. Abin da take fitarwa yana da tsawo da faɗi, amma ba shi da kauri. Ita wannan na'urar, abin da take fitarwa yana da tsawo da faɗi da kauri, mutum zai ɗauka ya juya shi a tafin hannunsa: murfin kwalba, maratayin kaya, akwatin ƙaramar rediyo, ƙafar kujera. Waɗannan awo guda uku su ake nufi da 3D.

Irin wadda masu sha'awar aikin suka fi ajiyewa a gida, abincinta zaren roba ne mai kaurin milimita 1.75, naɗe a kwarkwaro. Wani ɗan inji yana tura zaren cikin wani kai mai zafin gaske. Robar ta narke, ta fito ta wani baki mai ƙaramin rami, yawanci milimita 0.4. Kan yana yawo hagu da dama, gaba da baya, yana shimfiɗa narkakkiyar robar a kan faranti daidai da zanen da aka ba shi. In ya gama shimfiɗa ta farko, sai ya ɗan ɗaga sama, ya shimfiɗa ta biyu a kanta. Haka magini yake ɗora sahun bulo a kan sahu har gini ya tashi, sai dai sahun wannan na'urar bai fi kaurin takarda biyu ba.

> Akwatin ma'ana
> Zaren roba: robar da aka ja ta yi tsawo, aka naɗe a kwarkwaro. Kwarkwaro ɗaya yawanci kilo 1 ne.
> Baki: ɗan ƙarfen da narkakkiyar roba take fitowa ta cikinsa.
> Faranti: shimfiɗaɗɗen wurin da ake gina abin a kansa. A yawancin na'urori ana ɗumama shi.
> Sahu: shimfiɗa ɗaya ta roba. Kaurin da aka fi amfani da shi milimita 0.2 ne.

*Misali na 1.* Ana son buga murfi mai tsayin milimita 30, kowane sahu milimita 0.2. Sahu nawa ke nan?
30 ÷ 0.2 = sahu 150.
Idan aka rage kaurin sahu zuwa 0.1 don jikin murfin ya yi santsi, sahun zai zama 300, lokacin aikin ma ya kusan ninkawa. Santsi da sauri ba sa haɗuwa a wannan na'ura, dole mutum ya zaɓi wanda ya fi bukata.

2. Yadda ta iso hannun talaka

Fasahar ta girmi wayar salular da ke aljihunku. A 1984 wani injiniya ɗan Amurka, Chuck Hull, ya nemi rajistar mallakar wata dabara ta daskarar da ruwan roba da haske, sahu bayan sahu, ya kuma kafa kamfanin 3D Systems a 1986. Dabarar narkar da zare kuwa ta Scott Crump ce, shi ma ɗan Amurka, wanda ya kafa kamfanin Stratasys da matarsa a 1989. Shekaru da dama na'urorin suna da ɗan karen tsada, sai manyan masana'antu da jami'o'i.

Abu biyu suka karya farashin. A 2005 wani malamin Jami'ar Bath da ke Ingila, Adrian Bowyer, ya fara wani aiki mai suna RepRap: na'urar da za ta iya buga yawancin sassan jikin 'yar uwarta. Ya saki zanen kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara yadda ya ga dama. Sai kuma a 2009 wa'adin mallakar dabarar Crump ya ƙare, ƙananan kamfanoni suka yi ca. Josef Prusa ya kafa nasa a birnin Prag a 2012, kuma a 2018 kamfanin Creality na ƙasar Sin ya fito da Ender 3 a kan kimanin dala 200. A nan Afirka ta Yamma ma, a 2013 wani matashi a birnin Lome na ƙasar Togo, Afate Gnikou, ya harhaɗa tasa na'urar da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci da aka zubar a bola.

3. Matakai uku

Na farko zane. Ko dai mutum ya sauko da wanda wani ya riga ya yi daga rumbunan intanet irin su Thingiverse da Printables, ko ya zana nasa. Ga mai koyo, Tinkercad ta fi sauƙi, kyauta ce, amma sai da intanet take aiki. FreeCAD ma kyauta ce, ba ta bukatar intanet bayan an sa ta a kwamfuta, sai dai koyonta yana ɗaukar lokaci.

Na biyu yanka. Na'urar ba ta san murfi ko maratayi ba, umarni kawai take ji: je nan, tura roba kaza, ɗaga sama kaza. Don haka ana sa zanen a wata manhaja, kamar Cura ko PrusaSlicer, ta yayyanka shi sahu-sahu, ta rubuta umarnin. A nan ne ake zaɓar zafi, da kaurin sahu, da yawan ciko. Manhajar kuma tana faɗin awa nawa aikin zai ɗauka da giram nawa na roba zai ci tun kafin a fara.

Na uku bugu. A kwafe umarnin a ɗan katin ajiya, a sa a na'ura, a danna.

> Akwatin ma'ana
> STL: nau'in fayil ɗin da aka fi adana zanen abu a cikinsa.
> Manhajar yanka: manhajar da ke mayar da zane ya zama umarni ga na'ura.
> Ciko: saƙar da na'ura take yi a cikin abu maimakon ta cika shi taf da roba. Kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ya ishi yawancin ayyuka.

4. Abin da mai sha'awa yake fara gamuwa da shi

Wanda ya sayi na'ura yakan ɗauka da ya kunna shi ke nan. Ranar farko takan ƙare a kan abu ɗaya: sahun farko ya ƙi kama faranti. In bakin ya yi nisa da farantin, zaren yana fitowa yana bin iska, ba ya manne. In ya matse da yawa, robar ba ta samun hanyar fita, sai ka ji injin turawa yana ƙas-ƙas. Maganin tsohuwar dabara ce: a zura farar takarda tsakanin baki da faranti, a riƙa murɗa ƙusoshin da ke ƙarƙashin kusurwa huɗu har sai takardar tana motsi amma ana jin bakin yana ɗan gogarta. A zagaya kusurwoyin sau biyu, don gyara ɗaya yana taɓa sauran. Sababbin na'urori da yawa suna auna wannan da kansu, amma ko su ba sa yafe farantin da maiƙon yatsa ya taɓa. A goge shi kafin kowane aiki.

Kada a tashi sai an ga sahun farko ya kwanta lafiya. In abin ya ɓalle daga faranti ana tsakar aiki, na'urar ba ta sani ba, za ta ci gaba da zuba roba a iska har ta tara curin zare a cukurkuɗe. Masu aikin suna kiran wannan taliya, kuma babu wanda ya daɗe da na'ura bai kwashe ta da safe ba.

Bayan nan yawanci sai a shiga buga kayan wasa. Akwai wani ɗan jirgin ruwa mai tsawon milimita 60 da ake kira 3DBenchy, wanda wani kamfani a Suwidin ya fitar a 2015 don gwajin na'ura. Yana da lanƙwasa da ramuka da rufi, duk aibin da na'ura take da shi sai ya nuna a jikinsa. Gwaji ne mai kyau. Amma in mutum ya tsaya a sauko da zanen wasu, wata biyu ya yi yawa aljihun teburinsa zai cika da kwale-kwale da kyanwoyin roba, na'urar kuma ta koma kusurwa ƙura ta rufe ta. Waɗanda suke ɗorewa su ne waɗanda suka koyi auna abin da ya karye a gidansu su zana madadinsa. A ganina nan ne sana'ar take, kuma nan za mu fi daɗewa.

5. Awo da zane

Rular makaranta ba ta isa ba, don kuskuren rabin milimita yana hana abu shiga. Ana bukatar kalifa, wato ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu da ake matse abu a tsakaninsu, ya nuna kaurinsa har zuwa kashi ɗaya cikin goma na milimita ko ƙasa da haka. Tana auna kauri ta waje, da faɗin rami ta ciki, da zurfi.

Sai a riƙe wannan doka: rami yakan fito ya ɗan fi yadda aka zana shi ƙanƙanta, saboda narkakkiyar roba tana ɗan bajewa in an shimfiɗa ta. Don haka in ana son wani abu ya shiga rami, sai an bar masa rata.

> Akwatin ma'ana
> Rata: ɗan ƙarin da ake yi wa rami a zane don abin da zai shiga ya samu shiga. Yawanci milimita 0.2 zuwa 0.3 ne, amma kowace na'ura da halinta.

*Misali na 2.* Robar da ake murɗawa a kunna fankar tebur ta fashe, an bar ɗan ƙarfen tsirara, ana kama shi da filaya. Fankar lafiyarta ƙalau, amma an zaga kasuwa ba a samu robar ita kaɗai ba.

Awo: ƙarfen zagayayye ne mai faɗin milimita 6, amma an shafe gefe ɗaya don kada robar ta riƙa zamewa. In aka auna daga shafaffen gefen zuwa bayansa, milimita 4.5 ne. Tsawon da ya fito waje milimita 12.

Lissafi: faɗin rami 6 + 0.2 = 6.2. Ta shafaffen gefe 4.5 + 0.2 = 4.7. Zurfi 12. Tsayin robar gaba ɗaya 15, don a bar milimita 3 na rufi.

Zane: a Tinkercad a jawo siffar gwangwani, a ba ta faɗin 30 da tsayin 15. A yi wata siririya mai faɗin 6.2, a datse gefenta ɗaya har ta koma 4.7, a mayar da ita rami, a sa ta a tsakiyar babbar, a haɗe su. In an so, a jera ƙananan ramuka a kewaye don yatsa ya samu wurin kamawa.

Gwaji: kada a buga duka tukuna. A buga zobe siriri mai tsayin milimita 3 mai ɗauke da ramin kaɗai, 'yan mintuna ne. A gwada a jikin ƙarfen. In ya ƙi shiga, a ƙara 0.1. In yana lilo, a rage 0.1. Sai ya shiga da ɗan turi sannan a buga na gaske.

Kwanciya: a kifa robar, rufinta a kan faranti, bakin ramin yana kallon sama. Dalilin yana tafe.

6. Kwanciyar abu a kan faranti

Kowane sahu yana bukatar abin da zai zauna a kai. Bango zai iya karkata waje a hankali har kusan digiri 45 ba matsala, don rabin kowane sahu yana kan na ƙasansa. In ya wuce haka, robar sai ta zazzago. Manhajar yanka tana iya gina tokari a ƙarƙashin irin wannan wuri, a ɓalle shi bayan an gama. Tokari yana cin roba da lokaci, yana kuma barin tabo, shi ya sa gwani yake fara juya abin ya nemi kwanciyar da ba ta bukatarsa. Robar fankarmu da aka kifa ba ta da inda ya rataya a iska.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Abin da aka buga ya fi rauni a tsakanin sahu da sahu, nan yake rabewa in an ja shi. Ɗauki maratayin jaka mai lanƙwasa. In aka buga shi a tsaye, nauyin jaka zai riƙa ɓamɓare sahu daga sahu, ba zai daɗe ba. In aka kwantar da shi a gefensa, kowane sahu zai bi lanƙwasar tun daga sama har ƙasa bai yanke ba. Zane ɗaya, roba ɗaya, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba.

> Akwatin ma'ana
> Tokari: ginin wucin gadi da na'ura take yi don ya riƙe ɓangaren da ba shi da komai a ƙarƙashinsa.

7. Zaɓen roba, da yanayin ƙasarmu

PLA ita ce robar masu koyo. Daga sitacin masara ko rake ake yin ta, ana buga ta a zafin digiri 190 zuwa 220 a ma'aunin salsiyos, ba ta da wari sosai, ba ta da gardama. Aibinta ɗaya ne, kuma ya shafe mu kai tsaye: tana fara laushi tun daga kusan digiri 60. Motar da aka ajiye a rana a Sakkwato ko Yamai cikin watan Afrilu, gabanta wajen gilashi yana iya kai wannan zafin. Maƙalin waya na PLA da aka bari a can, kafin la'asar ya lanƙwashe. PETG tana jure zafi har wajen digiri 80, ba ta saurin karyewa, ita ta fi dacewa da abin da zai sha rana ko ya zauna kusa da inji. ABS ta fi su jure zafi, amma tana bukatar faranti mai zafin kusan digiri 100, gefenta yana ɗagowa in iska ta buge ta, hayaƙinta kuma ba na shaƙa ba ne. Mai koyo ya ƙyale ta tukuna.

Da damina zaren yana shan laima. Alamarsa ita ce a ji bakin yana tas-tas, jikin abin ya fito da ƙuraje da siraran gashi. A adana kwarkwaro a rufaffen bokiti tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi ko magani. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, tana bin zare ta toshe baki. A rufe na'ura da zane in ba a aiki.

Sai wuta. Ƙaramin abu mintuna ne, amma babba yana iya cin awa goma ko fiye, kuma in aka ɗauke wuta aiki ya tsaya. Na'urori da yawa suna iya ɗorawa daga inda suka tsaya, amma in faranti ya huce abin yakan saki, ko ya bar layi a wurin. Duk wanda zai sayi na'ura a inda wuta ba ta da tabbas, ya sa kuɗin batir da inbata ko sola a cikin lissafinsa tun farko.

*Misali na 3.* A ɗauka an sayi kwarkwaron kilo 1 a kan naira 25,000. Giram ɗaya ke nan 25,000 ÷ 1,000 = naira 25. Manhajar yanka ta nuna robar fanka za ta ci giram 6, wato naira 150. Amma an buga zoben gwaji na giram 1, kuma bugun farko ya lalace, giram 6. Jimilla giram 13, wato naira 325. Wanda zai yi wa wani aiki a biya shi, da wannan lissafi na biyu zai fara, sannan ya ɗora kuɗin wuta da na lokacin da ya ɓata wajen awo da zane.

8. Abin da ya dace da wanda bai dace ba

Na'urar ba za ta yi gasa da masana'anta ba. Cokali ko bokitin da ake fitar da dubbai a rana ya fi araha a kasuwa, ya kuma fi ƙarfi. Inda take da amfani shi ne abu ɗaya tak da ba a sayarwa, ko wanda sai an yi shi daidai jikin mai shi. A 2011 wani kafinta a Afirka ta Kudu, Richard Van As, ya rasa yatsunsa a injin yankan katako. Ya haɗa kai da wani Ba'amurke mai ƙera kayan wasan kwaikwayo, Ivan Owen, suka ƙera yatsun roba, daga baya suka yi wa wani yaro da aka haifa ba yatsu a hannu ɗaya. A 2013 suka saki zanen kyauta, daga nan aka samu ƙungiyar 'yan sa kai ta e-NABLE masu buga wa yara irin wannan hannu. Yaro yana girma, hannun yana yi masa kaɗan, sai a ƙara girman zanen a sake bugawa.

Kada a buga abin da rai ya rataya a kansa, kamar sassan birki ko abin da zai ɗauki nauyin mutum. Kada a buga kwanon cin abinci na yau da kullum, don datti yana maƙalewa a tsagin da ke tsakanin sahu, wanki ba ya fitar da shi. Bakin na'ura yana ƙona fata nan take, a nisanta yara da shi. A ajiye ta a ɗaki mai taga, kuma kada a bar ta tana aiki a kulle gida a fita.

Tambayoyin bita

1. Waɗanne awo uku ake nufi da 3D?
2. Faɗi matakai uku na aikin, da abin da ake yi a kowanne.
3. Waɗanne abubuwa biyu ne suka sa farashin na'urar ya sauko, kuma a waɗanne shekaru?
4. Abu mai tsayin milimita 48, kowane sahu 0.2. Sahu nawa ne? In aka mayar da sahun 0.3 fa?
5. An auna ƙarfe aka samu milimita 8. Nawa za a zana faɗin raminsa a gwajin farko, kuma me ya sa ba 8 daidai ba?
6. Me ya sa maratayin da aka buga a kwance ya fi wanda aka buga a tsaye ƙarfi?
7. Wata mata tana son madadin robar murɗa risho mai amfani da gas. Za ku ba ta shawarar PLA? Kawo dalili.
8. Kwarkwaron kilo 1 naira 30,000 ne. Aiki ya ci giram 40, an kuma yi asarar giram 15 a gwaji. Nawa ne kuɗin robar?
9. Kawo abu biyu da bai kamata a buga ba, tare da dalili.

Aikin gida: Kowa ya duba gidansa ko wurin sana'arsa ya nemo ƙaramin abin roba guda ɗaya da ya karye. A zana shi a takarda ta gaba da ta gefe, a rubuta awonsa da milimita, a zo da shi da guntayensa aji mako mai zuwa.